Sharhi kan shirin Lost Women of Science: darajarsa tana inda ya yi haƙurin bayyana aikin matan

Lost Women of Science shiri ne na sauraro da ake sakawa a intanet, irin wanda ake kira fodkas, kuma tun daga watan Nuwamban 2021 yake bin diddigin matan da suka yi aikin kimiyya da likitanci amma sunayensu suka shige duhu. Katie Hafner, 'yar jaridar da ta daɗe tana rubutu kan fasaha a jaridar New York Times, ita ce ta kafa shi tare da Amy Scharf a ƙarƙashin wata ƙungiya da ba ta neman riba, daga baya kuma Carol Sutton Lewis ta shigo cikin masu gabatarwa. Ana sauraronsa kyauta a Spotify da Apple Podcasts da kuma shafin shirin, sannan mujallar Scientific American tana wallafa shi. Tsarinsa iri biyu ne: akwai dogon zango mai kashi-kashi da ake keɓe wa mace ɗaya, akwai kuma gajerun shirye-shirye da ake gama labari a zama guda. A ganina darajar shirin tana cikin dogayen zangunan, domin a nan ne ake samun sararin bayyana ainihin aikin da matar ta yi, maimakon a tsaya ga jajanta yadda aka danne mata haƙƙi.

Zangon farko, wanda aka yi a kan Dakta Dorothy Andersen, shi ne ya fi nuna wannan. Andersen ta kammala karatun likitanci a jami'ar Johns Hopkins a 1926, ta nemi horon zama likitar fiɗa aka hana ta saboda mace ce, sai ta koma fannin binciken gawa a asibitin yara da ke ƙarƙashin jami'ar Columbia a birnin New York. A wancan zamani likitoci kan danganta mutuwar wasu ƙananan yara masu rama da zawo ga cutar siliyak, wato rashin jituwar hanji da abincin alkama. Andersen ta lura cewa a jikin wasu daga cikin yaran akwai lalacewa a fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi wadda take samar da ruwan narkar da abinci, kuma huhunsu ma ya kamu. Ta koma ta tattara bayanan yara kusan 50, a 1938 ta wallafa sakamakon da ya nuna cewa wannan cuta ce daban, wadda aka sani yau da sistik faiburosis. Cuta ce ta gado da ke sa majinar jiki ta yi kauri har ta toshe hanyoyin huhu da na narkar da abinci, kuma yaro yakan same ta ne idan ya gaji ƙwayar halittar daga uwa da uba gaba ɗaya, kamar yadda lamarin sikila yake a wajenmu. Daga baya abokin aikinta Paul di Sant'Agnese ya tabbatar da cewa gumin masu cutar yana ɗauke da gishiri fiye da ƙima, bayan da tsananin zafin da aka yi a New York a 1948 ya kwantar da da yawa daga cikin yaran, kuma daga nan gwajin gumi ya samo asali, wanda har yanzu da shi ake tabbatar da cutar.

Abin da ya burge ni shi ne shirin bai ji tsoron wannan bayani ba. Ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ya sa likitoci da masana tarihi suka yi magana da bakinsu, har mai sauraron da bai taɓa shiga ajin likitanci ba zai fahimci dalilin da ya sa raba cuta ɗaya daga wata yake daidai da buɗe ƙofar magani. Bai kuma mayar da Andersen waliyyiya ba. An nuna ta a yadda take, mace mai shan taba ba ƙaƙƙautawa, wadda ba ta damu da ado ba, wadda take aikin kafinta da hannunta a gonarta, kuma kansar huhu ce ta yi ajalinta a 1963. A wannan zangon ne kuma aka gabatar da aikin masaniyar tarihi Margaret Rossiter, wadda a 1993 ta yi bayanin yadda ake yawan jingina binciken mata ga mazan da suka yi aiki tare da su. Inda na ga an yi sakaci da lokacin mai sauraro shi ne kashin da aka ɓata wajen neman wani zanen hoton Andersen da ya ɓace daga bangon asibitin. Manufar a bayyane take, amma abin da za a iya faɗa cikin 'yan mintuna aka ja shi har ya zama labarin masu shirin da kansu.

Zanguna biyun da suka biyo baya ba su kama ni kamar na farko ba. Na Klára Dán von Neumann, 'yar ƙasar Hungari da ta rubuta umarnin lissafin da aka gudanar a ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a duniya, a 1948, ya karkata sosai ga aure-aurenta da inuwar mijinta, shahararren masanin lissafi John von Neumann. Na Yvonne Clark kuwa, Ba'amurkiya baƙar fata, mace ta farko da ta sami digirin injiniyancin injuna a jami'ar Howard a 1951, wadda ta shafe fiye da shekara 50 tana koyarwa a jami'ar jihar Tennessee kuma ta yi wa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, aiki, yana da daɗin ji, sai dai wariyar launin fata ta fi injiniyancin samun wuri a cikinsa.

Zangon Dakta Marie Nyswander ya fi su nauyi, kuma ya fi kusa da abin da ke damun iyaye a Arewa. Ita ce likitar ƙwaƙwalwar da ta yi aiki da Vincent Dole da Mary Jeanne Kreek a cibiyar binciken likitanci ta Rockefeller da ke New York a tsakiyar shekarun 1960, inda suka nuna cewa ba wa mai shan ƙwayar hiroyin wani magani danginta mai suna metadon a kullum yana kwantar da ƙishirwar ƙwayar har mutum ya iya komawa aiki. Tunaninsu shi ne jarabar ƙwaya ciwo ne a jiki da ke buƙatar magani, kuma wannan ra'ayi ya jawo musu suka daga jami'an tsaro da ma wasu al'ummomin baƙaƙen fata da suka ɗauki abin a matsayin musanya wata ƙwaya da wata. Shirin ya bar ɓangarorin biyu suka yi magana. Duk wanda ya tuna muhawarar da ta kai ga hana maganin tari mai kodin a Najeriya a 2018 zai ji tambayoyin ba baƙi ba ne a kunnensa.

Amma wanda na fi ba wa maki shi ne zangon 2024 kan Dakta Frances Oldham Kelsey. Haifaffiyar Kanada ce, kuma ta sami gurbin karatu a jami'ar Chicago ne bayan malamin da ya ɗauke ta ya zaci sunanta na namiji ne. A 1960 ta fara aiki a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, inda ɗaya daga cikin takardun farko da aka ɗora mata ita ce buƙatar kamfanin Richardson-Merrell na sayar da talidomaid, maganin barci da ake ba wa masu juna biyu domin laulayi, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fara sayarwa a 1957. Dokar wancan lokaci ta ce idan hukumar ba ta yi magana cikin kwana 60 ba, magani ya sami izini ke nan. Kelsey ta ga hujjojin kamfanin ba su gamsar ba, don haka duk lokacin da wa'adin ya matso sai ta mayar da takardar a kan cewa ba ta cika ba, lissafin kwanakin ya koma farko. Da ta karanta rahoton cewa maganin yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, sai ta nemi a kawo mata shaidar cewa ba ya cutar da ɗan tayi, domin tun a binciken da ta yi kan kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ta san magani yana iya ratsa mahaifa. A ƙarshen 1961 aka janye maganin a Jamus, bayan an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe da dama da nakasa mai tsanani, da yawansu hannuwa da ƙafafuwansu ba su cika ba.

Ana iya cewa Kelsey ba ta cikin waɗanda aka manta tun farko, tunda Shugaban Amurka John F. Kennedy ya ba ta lambar yabo a 1962, kuma a wannan shekarar aka tsaurara dokar magunguna ta Amurka har ta wajabta neman yardar mutum kafin a gwada magani a kansa. Shirin ya san da haka, shi ya sa bai tsaya a bikin ba da lambar ba. Ya nuna cewa duk da ba a ba da izini ba, kamfanin ya riga ya raba wa likitocin Amurka miliyoyin ƙwayoyin da sunan gwaji, kuma ya ba wa mutanen da aka haifa da nakasar damar faɗin halin da suke ciki. Mai sauraro daga Kano, wanda bai manta da gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, zai saurari wannan ɓangare da wani irin hankali na daban.

Ta fuskar aiki, sautin a tace yake, kuma kowane kashi na dogayen zangunan yakan ɗauki rabin awa ko fiye, don haka ya fi sauƙi mutum ya sauke shi a waya lokacin da ya sami intanet mai araha. Babban shingen shi ne harshe. Da Turancin Amurka ake gabatar da shi, wasu baƙin kuma suna magana da sauri, amma rubutaccen kwafin da ake sakawa tare da shirin yana rage wahalar, musamman ga ɗaliban likitanci da na aikin jinya da za su so su koma kan sunayen cututtuka. Kiɗan da ake sakawa a ƙarƙashin magana yakan yi yawa a wasu wurare.

Ƙorafina mafi girma shi ne faɗin duniyar shirin. Duk zangunan da na ambata a Amurka aikinsu ya gudana, kuma ko da yake an faɗaɗa da labarin Evangelina Rodríguez, likita mace ta farko a Jamhuriyar Dominika, wanda aka fitar har da harshen Sifaniyanci, irin wannan dogon bincike ya cancanci matan da suka yi aiki a Afirka ta Yamma. Akwai Agnes Yewande Savage, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, da ta kammala likitanci a Edinburgh a 1929, ta yi aiki a Gana ta zamanin mulkin mallaka ana biyanta ƙasa da takwarorinta Turawa. Akwai kuma Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, wadda ta bayyana cutar tamowa ta kwashiyoko a Akkara a 1933, manyan likitocin Ingila suka yi watsi da bayaninta suna cewa wata tsohuwar cuta ce ta kasa ganewa.

Ga wanda Turancinsa ya kai ya bi labaran rediyo, shawarata ita ce ya fara da zangon Kelsey, domin shi ne labarinsa ya fi tafiya a miƙe, sannan ya koma na Andersen, ya tsallake kashin neman hoton idan lokacinsa kaɗan ne.