Bindigar gasa ta hannu: yadda na zaɓi Steyr LP10 na bar mai sheƙi

Bindiga biyu aka ajiye mini a kan teburin filin harbi, dukansu na hannu, dukansu na iska irin na gasar mita 10. Ta farko sai sheƙi take kamar ranar aka buɗe kwalinta. Ta biyu, Steyr LP10 ƙirar Ostiriya, ƙotarta ta yi duhu da gumin hannu, gefenta ya ɗan goge. Da ido ke zaɓe, da ta farkon na ɗauka. Ta biyun na saya, yau kusan shekara ke nan ina harbi da ita.

Dattijon da ke horar da mu ne ya taka mini burki. Ina ta shafa mai sheƙin, sai ya ce, "Ɗana, kwance silindar ka karanta abin da aka buga a jikinta." Ashe kowace silinda, wato tulun da ke riƙe iskar bindigar, tana ɗauke da shekarar da aka ƙera ta, kuma wa'adinta shekara 10 ne. Matsin iskar da ake ɗura mata yakan kai bar 200, don haka idan wa'adin ya wuce, masu binciken kaya a gasar da ke bin dokokin ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, ba za su bari ka shiga layi da ita ba. Silindar mai sheƙin ta daɗe da ƙarewa, mai ita kuwa bai ce uffan ba. Ta Steyr ɗin da sauranta.

Sai gwajin da ya fi ba ni dariya. Dattijon ya yago ɗan tishu ya ɗora a kan mahaɗar da ake saka ƙwayar dalma, ya ce in harba. A ta farkon takardar ta yi sama, alamar roba ta mutu, iska na zurarewa ta baya. A ta biyun ko motsi ba ta yi ba. Roba ba wani abin tashin hankali ba ce, ana canza ta. Amma wanda ya bar roba ta mutu yana ta goge ƙarfe, sai ka tambayi kanka me kuma ya bari a ciki. Da muka harba ƙwaya goma-goma ta na'urar auna gudu, amsar ta fito. Irin waɗannan bindigogi suna tura ƙwayar milimita 4.5 da gudun wajen mita 150 a daƙiƙa, kuma abin nema shi ne lambobin su zauna kusa da juna. Na Steyr sun zauna, na ɗayar sai hawa da sauka. Da'irar maki 10 faɗinta milimita 11.5 ne kacal, ba ta da wurin yafiya.

Kunama ce ta sa na ƙaunaci wannan bindiga. Doka ta ce nauyin janta kada ya gaza giram 500. Ana gwadawa ne a ɗaga bakin bindigar sama, a rataya ma'aunin a jikin kunamar, a ɗaga a hankali. In ta tashi, ta faɗi gwaji. Tawa ta ɗauki ma'aunin lafiya. Mataki na farko laushi, sai ka ji ka iso bango, ka ƙara kaɗan ta tsinke tsaf ba ja ba karce. Akwai kuma maɓallin atisaye ba tare da sakin iska ba, wanda ya sa kusan kullum da dare nake yin minti ashirin ina auna ɗigo a jikin bango. Idan an harba kuwa bakinta ba ya zabura, saboda wani ɗan nauyi da ke cikinta yana shanye bugun.

Leɓen bututun na duba da fitilar waya da gilashin ƙara girma, ban ga tabo ko tsatsa ba. Kawunan sukurori ma ba su cinye ba, ka san ba a sakar mata ɗan koyo da sukundireba ba. Lambar jikinta ta yi daidai da ta takardu.

Inda na sha wuya shi ne ƙota. Tsohon mai ita hannunsa ya fi nawa girma, ya kuma cike wasu wurare da manne don ta dace da shi. Makonnin farko harbina sai karkata hagu yake, na yi ta zargin saiti ina murɗawa a banza. Sai da na zauna da sanfefa na rage tudun da ke tokare mini tushen babban yatsa, na ɗaga matokarin tafin hannu, sannan gaban saiti ya soma faɗawa tsakiya da zarar na ɗaga hannu. Da na sani, da ranar sayen na rufe ido na ɗaga ta na buɗe in ga inda take kallo.

Cikawa ɗaya tana kai ni harbi 60 na gasa har da na gwaji, allurar ma'aunin iskar ba ta sauka ja ba. Silindar dai saura shekara biyu, na riga na rubuta watan a cikin murfin akwatin.