Yoyo ne ko samo ya gaji? Yadda za ka bambance su

Malam, ka ce ruwan burtsatsen gidanka a unguwar Fadaman Mada da ke Bauchi ya rage ƙarfi, tankin da kan kai ku kwana biyu yanzu yini ɗaya ya ƙare, mai gyaran famfo kuma ya ce a sayi sabon samo, wato injin da ke cikin rijiyar yana turo ruwa sama. Don Allah kada ka fitar da kuɗin tukuna. Matsalolin biyu suna kama da juna, amma kowace da alamarta.

Idan yoyo ne, tanki kan cika cikin lokacin da ya saba, saurin ƙarewa kawai yake yi. Idan matsalar daga rijiya ce ko samo, cikar ce ke ɗaukar lokaci, amma in ya cika yana kai ku yadda ya saba. Abin da ka faɗa ya fi kama da yoyo.

Gwajinsa ba ya cin ko sisi. Cika tanki da dare, ka rufe bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa cikin gida, ka sa alama a daidai bakin ruwan. Da asuba ka duba. In ya sauka, ko tankin ya tsage, ko ruwa na komawa rijiya ta bututun da ke kawo shi saboda bawul mai hana shi komawa ya lalace. In bai motsa ba, daren gobe ka bar bawul a buɗe, famfuna duka a rufe. Ya sauka? To ɓarnar tana cikin gida. Fara da tankin masai, domin shi ne ke shan ruwa ba a ji: zuba ɗan bula a ciki, kada kowa ya ja, in shuɗi ya bayyana a kwanon bayan minti 15, robar da ke toshe ƙasan tankin ta mutu. Daga nan bi layin bututu, ka nemi inda bango ke jiƙe ko inda ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani.

Ɓangaren rijiya kuwa, ka tuna Bauchi kan dutse take zaune, ruwan da muke samu yana cikin tsagar dutse ne da ruɓaɓɓen saman sa, shi ya sa burtsatse da yawa ke ja baya a Maris da Afrilu. Alamar ita ce ruwa ya fito da ƙarfi da farko, can ya fara tari yana fesa iska, wani lokacin da laka. Ka kashe awa ɗaya, ka kunna, ya dawo. Wannan samo lafiyarsa ƙalau, kuma wanda ya fi shi ƙarfi sai dai ya ƙara saurin zuƙe rijiyar. Kada ka bar shi yana juyi babu ruwa, ruwan ne ke sanyaya shi, zai ƙone. Samon da ya gaji da gaske, ruwansa a raunane yake daga farko har ƙarshe, damina da rani. Ko shi ma a gwada da janareta tukuna, don wutar da ba ta da ƙarfi kan sa haka.

Akwai guda ɗaya mai ruɗarwa: bututun da ke cikin rijiyar ya tsage. Samo na aiki, ruwa kaɗan ke hawa. Kara kunnenka a bakin rijiyar, sau da yawa za ka ji zubarsa a ciki.

Batun ƙarfin ruwa a famfo kuma, tsayin tanki ne ke ba da shi: kowace mita 10 tana ba da kusan "bar" 1, wato ma'aunin ƙarfin turin ruwa. In shawa ɗaya ce kawai ta yi rauni, kwance kanta ka wanke yashin da ya toshe ta.