Gasasshen talotalo a Zoo Road, da zabon da ya fi shi

Ranar Asabar bayan isha na tsaya wurin wani mai gashi a Zoo Road, Kano, da niyyar sayen zabo. Yaron da ke kan wuta ya ce, "Alhaji, yau akwai talotalo, ɗanɗana ka ji." Na karɓi cinya ɗaya da yankan ƙirji, na haɗa da rabin zabo don kada in yi biyu babu.

Gara da na haɗa. Cinyar ba laifi, yaji ya shige ta, ƙuli-ƙulin bai yi yawa ba. Ƙirjin kuwa ya bushe ƙamas, sai da na kora da ruwa. Naman talotalo ba shi da kitse sosai a ƙirji, in ya daɗe a kan garwashi shi ke nan. Zabon ne ya fitar da su kunya: ya yi laushi har ƙashi, man ya jiƙa takardar.

Abin da ya ba ni dariya, tsuntsayen nan biyu da aka naɗe mini a takarda ɗaya sun daɗe ana rikita su. Asalin talotalo Meksiko ne, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Kafin nan Ingilishi sun san zabonmu na Afirka, suna kiransa da sunan ƙasar Turkiyya, saboda ta hannun fataken can suke ganin yana zuwa. Da baƙon ya iso sai ya gaje sunan. Su Turkawan "hindi" suke ce masa, wai na Indiya ne, Faransawa ma da Indiya suke danganta shi. A Fotugal sunansa Peru, Misirawa kuma zakaran Rum. Kowa na tura shi garin wani. Hatta "Meleagris" da masana suka laƙaba masa a 1758, sunan zabo ne a wurin Girkawan da.

Mu dai a kunnena kukansa muka kwaikwaya, Yarabawa ma tolotolo suke cewa. Na fara yi wa yaron wannan bayani, ya ce, "To Alhaji, a ƙara albasa?"

Wurin da tsabta, ba a jira sosai, kuma suna karɓar tiransifa. Talotalon ya fi zabo tsada nesa ba kusa ba. Zan koma, amma zabo zan saya, in ya ƙare in ɗauki cinya.