Yamai, Dakar ko Zariya: inda ɗan Maraɗi zai koyi aikin ɗakin karatu, da aikin da zai tarar

Idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, shawarar da ake yi a gidajen Maraɗi ba ta cika wuce likitanci da aikin gona da shari'a da koyarwa ba, kuma duk yaron da ya ce shi aikin ɗakin karatu yake so, abin da mahaifinsa zai fara tambayarsa shi ne a ina zai yi aikin. Tambayar tana kan hanya, kuma ita ya kamata a fara amsawa kafin a zo kan zaɓen makaranta, domin takardar shaidar da za a kashe wa shekara 3 zuwa 5 da kuɗin iyaye ba haja ba ce da za a mayar wa mai kanti idan ba ta yi daidai ba.

Abin da ake kira aikin ɗakin karatu ya kasu kashi uku a tsarin makarantun da ke koyarwa da Faransanci. Akwai mai kula da littattafai, wanda ke sayo su, ya yi musu rajista, ya jera su, ya ba da aro. Akwai mai kula da arshif, wato takardun da ma'aikata ta haifar da kanta a cikin aikinta, wanda shi ne ke yanke abin da za a ajiye har abada da abin da za a zubar idan wa'adinsa ya cika. Sai kuma mai tattara bayanai, wanda ke nemo wa masu bincike ko ma'aikatan wata ƙungiya rahotanni da alƙaluman da suke bukata. Tushen karatun ɗaya ne, amma kasuwar kowane kashi daban take, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke yin zaɓe ba tare da sun duba ba.

Gurabun kashi na farko ba su da yawa a jihar Maraɗi. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wadda aka kafa a 2010, tana bukatar irin waɗannan ma'aikata, haka ma jami'o'i da manyan makarantu masu zaman kansu da ke cikin gari, sai dai gurbi ne da idan mutum ya shiga ba ya fita sai ritaya. Ƙananan ɗakunan karatu na garuruwa da ake kira CLAC, waɗanda ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara buɗewa a ƙasashe daban-daban tun 1986, tsarinsu shi ne ƙungiyar ta kawo littattafai da kayan aiki, hukumar gari kuma ta ba da gini da ma'aikaci. Tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar a 2025, bai kamata saurayi ya ɗora lissafin rayuwarsa a kansu ba. Inda aiki yake da gaske shi ne arshif. Ma'aikatar magajin gari tana da rajistocin haihuwa da na aure da takardun filaye, kotu tana da fayilolin shari'a, asibiti yana da katunan marasa lafiya, bankuna da ƙungiyoyin agaji suna da takardun kuɗi da masu binciken lissafi ke nema bayan shekaru, cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna kuma tana da sakamakon gwaje-gwaje na shekaru masu yawa. Duk wanda ya taɓa neman kwafin takardar haihuwa aka ce masa ya dawo jibi saboda ba a ga rajistar ba, ya san cewa aikin yana nan, ko da ba a buɗe masa gurbi da sunansa ba. A ganina, ɗalibin da yake son zama a Maraɗi bayan karatu ya fi dacewa ya karkata zuwa wannan ɓangare.

Hanya mafi sauƙi ta koyon aikin ita ce ta Yamai, a makarantar da aka fi sani da tsohon sunanta IFTIC, wadda yanzu ake kira ESSCOM. Jama'a sun ɗauke ta makarantar ƴan jarida kawai, alhali tana horar da masu kula da takardu da littattafai ma. Amfaninta a fili yake: takardarta ta gida ce, ba ta bukatar a kai ta ko'ina a tantance kafin a shiga konkur na aikin gwamnati, kuɗin sefa ne ake kashewa, kuma ɗalibin da ya cika sharuɗɗa yana iya neman tallafin ANAB, hukumar da ke ba ɗalibai kuɗin karatu. Ga kuma wuraren sitaj a kusa, kamar ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, da ɗakunan karatu na Jami'ar Abdou Moumouni, da ma'aikatun ministoci. Wanda ya yi sitaj a wuri ya nuna hazaƙa, sau da yawa a nan ake neman a tura shi sibik, wato hidimar ƙasa ta shekara 2, kuma daga sibik ne ƙofar kwantaragi takan buɗe. Abin da za a saka cikin lissafi shi ne tsadar haya da abinci a babban birni, da nisan fiye da kilomita 600 da ke hana zuwa gida sai lokacin hutu.

Makarantar EBAD ta Jami'ar Cheikh Anta Diop da ke Dakar ita ce uwa a wannan fanni ga ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. An kafa ta a 1967, kuma da yawa daga cikin manyan ma'aikatan arshif na yankin nan can suka yi karatu, saboda haka sunanta yana da nauyi a gaban duk wanda zai ɗauki ma'aikaci, musamman ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Zama a Dakar ya fi ƙarfin yawancin iyaye idan babu tallafi. Amma makarantar tana da karatu daga nesa ta intanet, wanda aka tsara musamman domin ma'aikatan da ke son ƙarin mataki ba tare da sun ajiye aikinsu ba. Wannan ya dace da wanda ya riga ya yi lisans yana aiki, yana son masta. Bai dace da yaron da ya fito daga lise ba, domin wanda bai taɓa riƙe fayil a hannunsa ba zai haddace darasin ne kawai, ga shi kuma sai an tanadi kwamfuta da kuɗin intanet da dabarar da za a yi idan wuta ta ɗauke ranar miƙa aiki.

Hanyar Najeriya ce ta fi jan hankalin ɗan Maraɗi, kuma ita ce ta fi bukatar a zauna a yi tunani. Katsina ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, harshen kasuwa da na unguwa ɗaya ne, kuma da wuya a rasa dangi a Katsina ko Kano. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen wannan karatu tun 1968, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da nata daɗaɗɗen sashe, kuma a can fannin yana da malamai da yawa da hanyar hawa har zuwa digirin digirgir. Digirin farko shekara 4 ne, ba 3 ba kamar lisans. Da Ingilishi ake karatun, saboda haka mai bak yakan ɓatar da wani lokaci wajen gyara harshe kafin ya kama darasi sosai. Yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati a 2022 ya ɗauki wata 8, an kuma rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa a 2023, kuma duk wanda ɗansa yake can a waɗannan lokuta ya san abin da hakan ya jawo. Bayan an gama, takardar ba ta shiga aikin gwamnatin Nijar kai tsaye, sai an nemi takardar daidaita ta da shaidar gida. Idan kuma a Najeriya mutum yake son zama, akwai hukumar rajistar ma'aikatan laburare da aka kafa da dokar 1995, wadda ake son ƙwararre ya yi rajista da ita.

Akwai wani bambanci da ba a cika faɗa wa ɗalibi ba sai ya dawo ya kama aiki. Jami'o'in Najeriya galibi suna jera littattafai ne bisa tsarin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, mai haɗa haruffa da lambobi, yayin da a ɓangaren Nijar aka fi sabawa da tsarin Dewey na 1876 da ɗan'uwansa CDU, masu tafiya da lambobi. Wajen rajistar littattafai a kwamfuta, manhajar Koha ta fi yaɗuwa a can, PMB kuma a ƙasashe masu Faransanci. Ba abu ne mai wuyar koyo ba, amma wanda ya dawo daga Zariya sai ya sake zama ɗalibi na ɗan lokaci, ya kuma koyi rubuta wasiƙar ofis da Faransanci. Ribarsa ita ce Ingilishi, wanda kundin ƙasar Nijar na 2025 ya sa a matsayin harshen aiki tare da Faransanci, ya kuma ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Ƙungiyoyin agaji da jami'o'in da ke koyarwa da Ingilishi a Maraɗi suna neman mai harsunan nan uku, kuma ga irin wannan gurbi ɗan Zariya ko Kano yana gaba da kowa.

Ɗaliban makarantun Faransanci da Larabci, da waɗanda suka yi allo da zaure kafin boko, suna da wata ƙofa da sauran ba su da ita. Cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai tana da sashen rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, mai ɗauke da kimanin littattafai 4000, wanda Boubou Hama ya aza harsashin tattara su, kuma akwai wasu da yawa a gidajen malamai da ba a taɓa ƙirgawa ba. Littafin irin wannan yakan zo ne a cikin gafaka, warƙoƙinsa a sake ba ɗinki, babu lambar shafi, sai kalmar farko ta warƙa mai zuwa da marubucin ya ɗiga a ƙasan wadda ta gabace ta. Idan warƙoƙin suka cakuɗe, da wannan kalma ake mayar da kowace mazauninta, sannan a duba ƙarshen littafin ko mai kwafi ya bar sunansa da shekara, a auna tsawo da faɗi, a rubuta inda gara ta ci da inda ruwa ya taɓa tawada, kafin a ɗauki hoto. Mai takardar arshif da ba ya karanta rubutun Magaribi ba zai iya wannan ba, malamin zaure kuma bai san ƙa'idar rajista ba, shi ya sa wanda ya haɗa biyun ba shi da abokan takara da yawa. Sai dai yawancin aikin na kwantaragi ne da ke tafiya da kuɗin wani shiri, idan shirin ya ƙare albashi ya tsaya, don haka ya fi kyau a riƙe shi a matsayin ƙari a kan takardar da ke buɗe ƙofar konkur.

Kowace makaranta aka nufa, musamman masu zaman kansu da ke tallata wannan fanni, akwai abubuwan da ya kamata a gani da ido kafin a biya kuɗin rajista. A nemi takardar izinin gwamnati ta wannan sashe kansa, domin makaranta tana iya samun izini alhali sabon sashen da ta buɗe bai samu ba, a kuma tambaya ko hukumar CAMES, mai tantance takardun shaidar manyan makarantu a ƙasashen Afirka da ke cikinta, mai mazauni a Wagadugu, ta amince da shaidar, idan ana tunanin aiki a wata ƙasa. A tambayi wata nawa ake yi na sitaj da kuma wanda ke nemo wurin, makaranta ko ɗalibi. A shiga ɗakin kwamfuta a ga ko ɗalibai suna shigar da littattafai a PMB ko Koha da hannunsu, ko kuwa a kan allo kawai ake zana musu. Sannan a leƙa ɗakin karatun makarantar, a nemi wani kundin kammala karatu na shekara 3 da suka wuce, a duba minti nawa za a ɗauka kafin a kawo shi.