Taurari biyu, kuma da ƙyar: manhajar kwaikwayon zafi a ruwan nano

Na sayi wannan ƙarin manhajar ne don ta rage min wahalar shigar da siffofin ruwan nano (ruwan da aka gauraya da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai don ya fi ɗaukar zafi) da hannu, amma a nan ɗin ma ta fi yin ɓarna.

Ɗauki ruwa mai ƙwayoyin alumina kashi 4 cikin 100 na girman haɗin. Ruwa yana da nauyin kilogiram 997 a kowace mita kubik, ƙarfin riƙe zafinsa 4179 J/kg·K. Alumina kuwa 3970 da 765. Manhajar sai ta gauraya 4179 da 765 gwargwadon girma kawai, ta miƙo maka 4042. Ai ba haka ake yi ba. Tunda ana auna ƙarfin riƙe zafi ne bisa kowane kilogiram, dole nauyi ya shiga: a ninka kowane sashe da nauyinsa, a haɗa, a raba da nauyin haɗin, wato kusan 1116. Amsar 3693 ce. Tazarar ta haura kashi 9, kuma tana bin komai: ɗumin ruwa a bakin fitar bututu ya ragu, lambar Prandtl, mai gwada kaurin ruwa da yadda zafi ke bazuwa a cikinsa, ta kumbura. Abin haushin, lissafin na daidaita lafiya lau, ba gargaɗi ko ɗaya. Ba a nuna dabarar a kowace taga ba, sai ka tono ta a fayil ɗin siffofi.

Gaskiya ragar lissafinta, wato yadda take yanka bututu ƙanana-ƙanana don lissafi, tana da kyau. Tana matse layuka kusa da bangon bututu da kanta, kuma da ruwa zalla, gudu a natse, zafin da ke shiga ta bango daidai ko'ina, lambar Nusselt, ma'aunin musayar zafi tsakanin bango da ruwa, ta sauka a 4.36 cif, yadda ya kamata. Dabarar Maxwell ta isar da zafi ma daidai aka rubuta ta, ƙarin kashi 12 da ake tsammani ya fito. Har na fara cewa a gyara layi ɗaya a ci gaba da amfani da ita.

Sai kuma kaurin ruwa. Dabarar Einstein suka saka, wadda aka yi don haɗin da ƙwayoyinsa 'yan kaɗan ne ƙwarai. A kashi 4 ƙarin kashi 10 take bayarwa, alhali dabarar Maïga, da aka ɗora kan awon alumina da ruwa, na ba da kusan 49. A gudun natsuwa faɗuwar matsi tana bin kauri kai tsaye, don haka wutar da famfo zai ci ta fito ƙasa da gaskiya sosai, ruwan nano ya zama kamar riba ce ba hasara. Zaɓin tsarin Buongiorno, mai lissafa motsin ƙwayoyin a cikin ruwa, kuma yana nan a jeri, amma sai an ƙara biya.

Na aika wa masu manhajar lissafin nan dalla-dalla. Amsarsu: in sabunta zuwa sabon fitowa. Na sabunta, 4042 na nan daram.