Sakamoto ko Saiki: wanne za ka fara ɗauka?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce kana neman manga na barkwanci, wato littafin zane na Japan, wanda labarinsa ke gudana a makaranta, jarumin kuma ya zama irin yaron nan mai baƙon hali da komai ya taɓa sai ya burge. Ka ce an ambata maka Sakamoto da Saiki amma ka rasa wanda za ka fara. Na karanta su duka biyun, kuma ni dai na ce ka fara da Sakamoto. Bari in jera maka su gefe da gefe don kada ka ce son rai ne.

Sunan na farko da Japananci Sakamoto desu ga?, kusan kamar mutum ya ce "ni ne Sakamoto, ya aka yi?" A fassarar Turanci za ka same shi da sunan Haven't You Heard? I'm Sakamoto. Wata mata ce mai suna Nami Sano ta zana shi daga 2012 zuwa 2015, a mujallar da ta fara da sunan Fellows! daga baya ta koma Harta. Kundi 4 ne kacal. Sakamoto ɗan shekarar farko ne a babbar sakandare, dogo, siriri, da tabarau, kayan makarantarsa kullum tsaf. 'Yan mata sun mutu a kansa, tsagerun ajin kuwa haushinsa ya hana su sakat. Sai suka shiga ɗana masa tarko. Suka saƙala dasta mai ƙurar alli a saman ƙofa don ta faɗo masa a ka, ya cafe ta ko ɗaga ido bai yi ba. Suka watsa masa ruwa ta saman ƙofar ban-ɗaki, ashe lemarsa na buɗe a ciki. Suka ɗauke masa tebur da kujera, ya je ya zauna a bakin taga, iska na kaɗa gashinsa, ya ci gaba da ɗaukar darasi, ya ma fi kyau a nan fiye da kan kujerar. Wurin da na fi so shi ne ranar da rina ta shigo aji, kowa ya ruɗe, shi kuma ya zaro kamfas ɗin zana da'ira daga kayan lissafinsa ya tare ta, tsini da tsini, kamar masu wasan takobi. Sano ta zana wannan faɗa da rina da irin natsuwar da ake zana yaƙin jarumai. Ba ta taɓa nuna maka cewa wasa take ba, kuma a nan dariyar take.

Na biyu shi ne Saiki Kusuo no Sai-nan, a Turance The Disastrous Life of Saiki K., na Shuichi Aso. Ya fito a mujallar Weekly Shonen Jump daga 2012 zuwa 2018, kundi 26. Saiki an haife shi da baiwar da ta wuce hankali: yana jin abin da ke zuciyar mutane, yana ɓacewa ya bayyana a wani gari, yana ɗaga abu ba tare da ya taɓa shi ba. Gashinsa ruwan hoda ne, da wasu 'yan ƙusoshi biyu a ka masu rage masa ƙarfi, da koren tabarau da idan ya cire duk wanda ya haɗa ido da shi sai ya zama dutse. Duk da haka burinsa guda ne, a ƙyale shi. Ko a jarrabawa da gangan yake tsayawa a tsakiya don kada a lura da shi. Abin da ke faranta masa rai bai wuce ɗan kofin zaƙi na kofi da ake daskararwa ba. Amma Allah ya haɗa shi da abokan da ba ya nema: Nendo, wanda kansa ba komai har Saiki ba ya iya karanta tunaninsa, Kaido, wanda ya yarda cewa shi jarumin ɓoye ne mai yaƙi da wata muguwar ƙungiya, da Teruhashi, kyakkyawar da ta san ita kyakkyawa ce, ta rasa dalilin da wannan yaro ɗaya bai taɓa rikicewa a gabanta ba.

Babban bambancinsu shi ne inda aka tsayar da kai mai karatu. A Sakamoto kana waje, cikin 'yan aji, baki buɗe. Ba a taɓa buɗe maka zuciyarsa ba. Ba ka san gidansu ba, ba ka san abin da yake tunani ba, ko sunansa na yanka ba a bari ka ji. Me ya sa yake yin abin da yake yi? Littafin ya ƙi faɗa, kuma wannan shirun ne ya ba shi kwarjini. A Saiki kuwa kana cikin kansa tun shafin farko. Ba ya buɗe baki ya yi magana, amma tunaninsa bai taɓa yin shiru ba, yana ta ƙorafi da tsokaci a kan wautar kowa. Saboda haka Saiki yana da ƙarfi amma ba shi da wannan kwarjinin, domin wanda ka ji yana gunaguni kullum, ka kuma ga kyankyaso ya firgita shi har ya ɓace daga ɗakin, ya zama naka, ba ka kallonsa daga nesa. Kai kuma ka ce mai burgewa kake nema. Wannan Sakamoto ne.

Akwai wani abu kuma da ya sa na fi riƙe shi a rai. Gwanintar Sakamoto ba ta wulaƙanta kowa. Akwai wani yaro, Kubota, da manyan ɗalibai ke ƙwace wa kuɗi. Ya zo neman taimako, sai Sakamoto, maimakon ya je ya dake su, ya kai shi shagon sayar da abinci suka kama aiki tare. Da Kubota ya san zafin kuɗin guminsa, shi da kansa ya tsaya ya ce ba zai bayar ba. Haka kusan duk wanda ya zo da mugun nufi yake komawa ya fi yadda ya zo kyawun hali, ba tare da an yi masa wa'azi ba. Na karanta wannan babi fiye da sau ɗaya.

Inda Saiki ya fi shi kuwa, ba zan ɓoye ba: yawan dariya da yawan mutane. Barkwancinsa a guje yake, magana kan magana, kuma da yake yana da tsawo, za ka saba da 'yan ajin har ka san abin da kowa zai yi kafin ya yi. Sakamoto dabara ɗaya ce ake juyawa, shi ya sa kundi 4 ya ishe shi, da an ja shi da ya gundura. In kana son abin da za ka gama a ƙarshen mako guda, shi ne. In kana son abokin hira na watanni, Saiki. Sannan in yi maka gargaɗi, a Sakamoto akwai babin mahaifiyar Kubota da ta ɗora ido a kan Sakamoto, ni bai yi mini daɗi ba, kana iya tsallake shi ba ka rasa komai ba.

In ka gama su kana neman ƙari, duba Handa-kun na Satsuki Yoshino, kundi 7. Shi yaro ne gwanin rubutun ado da buroshi, duk makaranta na girmama shi, amma shi ya ɗauka kowa ya tsane shi, ko takardar soyayya aka ba shi sai ya zaci barazana ce. Akwai kuma Cromartie High School na Eiji Nonaka, daga 2000 zuwa 2006, makarantar tantirai inda goggon biri da mutum-mutumin ƙarfe ke zaune a aji kuma ba wanda ya ga abin mamaki. Wannan sai wanda ke son shirme tsantsa.

Sakamoto da Saiki dukansu an mayar da su zane mai motsi a 2016, amma ka fara da littafin, musamman Sakamoto, don a takarda ne za ka tsaya ka ƙare wa tsayuwarsa kallo yadda mai zanen ta so. Ka tuna daga dama zuwa hagu ake karanta manga, kamar yadda muke bin Ajami, daga akwatin sama na dama. Kuma ka bi shi a hankali, don babu wani ci gaba da zai zo: Nami Sano ta rasu a watan Agusta na 2023 sakamakon ciwon daji, tana da shekara 36.