Hattara da mai tallar janareta "marar hayaƙi" na motar tafiya

Jama'ar Bauchi da Gombe, assalamu alaikum. Na yi kwana goma ina jan ƙafa kafin na rubuta wannan, don ba daɗi mutum da furfurarsa ya fito ya ce yaro ya damfare shi. Amma jiya na ga ya buɗe sabon shafi a Facebook da wani suna daban, hotuna da bidiyon kuwa su ne dai waɗanda ya kama ni da su.

Ina da tsohuwar bas Hiace da na cire wa kujerun baya. Kafinta ya yi mini gado da ɗan kabad, na sa fanka, ƙaramin firji da esi mai ƙarfin doki ɗaya. Da ita muke zuwa Yankari da yara idan an yi hutu, wani lokacin mu leƙa Dadin Kowa. Wuta ce kawai ta rage, kuma ina son injin da ba zai hana jama'a barci ba.

A bidiyon, jan janareta ne fes, an liƙa masa sunan Honda, an rubuta wat 3,000, wai mai inbata (irin na zamani mai daidaita wuta, marar ƙara sosai), wai daga jikin motar yawon buɗe ido aka cire shi a Amurka. Kuɗinsa bai kai rabin na shago ba. Da na kira sai ya ce, "Alhaji, biyu suka rage, wani ma yana hanya." Na tura kafin alƙalami. Sunan da ke kan asusun ba shi ne na shafin ba, na tambaya, ya ce na ƙanensa ne. A nan ya kamata in tsaya, kwaɗayin araha ya hana ni. Kayan suka iso tasha a kwali, an naɗe da salatif, direba ya ce an hana shi saki sai na cika kuɗi. Direban ba shi da laifi, saƙo aka ba shi.

A gida janaretan ya ɗauki fanka da ƙwan fitila lafiya lau. Na jona firji ya fara nishi. Ina kunna esi ya mutu murus.

Na kai shi wurin wani mai gyaran janareta a wajen Wunti. Kafin ya taɓa sukurdireba sai ya ce, "Baba, ina wurin zuba baƙin mai?" Babu. Janaretan Honda mai inbata yana da wurin baƙin mai daban, ba a gauraya masa da fetur. Da ya kwance murfin robar, abin da ke ciki ɗan ƙaramin injin nan ne na masu shagon caji da aski, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wanda ko wat 1,000 ba ya kaiwa. An cusa soso a gefe don rage ƙara, an ɗaure guntun ƙarfe a ƙasa don ya yi nauyi a hannu.

Ko da na gaske ne, ya kamata in yi lissafi tun farko. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, esi irin nawa yakan ci wajen 900 yana aiki, amma a lokacin da kwamfiresa ke tashi yakan fizgi ninki biyu zuwa uku na hakan. Kuma lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin janareta galibi ƙarfin ɗan lokaci ne. Honda EU22i, alal misali, 2,200 ne ƙololuwarsa, amma 1,800 yake riƙewa a dogon aiki. Idan an rubuta kVA, a kan ninka da 0.8 kafin a sami kilowat, kowane kilowat kuwa wat 1,000 ne.

Asarar kuɗi ba ita ce ta fi ƙona mini rai ba. Har yanzu ina da saƙon muryar mai tallar inda yake cewa injin ba ya hayaƙi, in sa shi ƙarƙashin gado a cikin motar, in rufe tagogi, esi ya yi aikinsa. Babu injin fetur a duniya da ba ya fitar da iskar guba ta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, mai barci ba ya sanin ta shige shi. Mun sha jin labarin iyalan da aka wayi gari an tarar da gawarsu saboda janareta a cikin ɗaki, bare mota da ko rabin ɗaki ba ta kai ba. Da injin ya ɗauki esin nan, da wataƙila na bi maganarsa, da 'ya'yana huɗu a ciki. Janareta a waje yake zama, kamar mita 6 daga mota, salansa na kallon wani gefen, a jawo wuta da waya mai kauri.

Mai gyaran ya ce an taɓa kawo masa wani daga Gombe, daga hannun mutumin nan dai. Shi wannan na Amurka ne da gaske, sai dai bolt 120 yake bayarwa, wutarmu kuwa 230 ce, ko ramin soket ɗinsa ba irin namu ba ne.

Don haka duk mai son saye, kada ya tura ko sisi sai an tayar da injin a gabansa. Ya je da mitar gwada wuta, da dutsen guga da butar lantarki, ya jona su tare na minti goma. Mai inbata na gaske, idan an kunna maɓallin tsimin mai, za ka ji ƙararsa ta ƙaru da ka ɗora masa kaya, ta sauka da ka cire.

Ni dai mai tallar ya toshe lambata tun ranar. Na kai ƙara wurin 'yan sanda da banki, na ba su rasit da saƙonnin muryar. Alamarsa: bidiyon jan janareta a kan shuɗiyar tabarma, ba ya faɗin inda shagonsa yake, kuma kullum biyu ne suka rage. Wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya ajiye rasit ɗinsa ya kai ƙara, a haɗa da tawa.